Ba a Dama wa Mai Jego Kanwa a Gidana

Falmata,

Kada ki ninke takardar nan ki cusa ta ƙasan akwati ki ce sai kin huta. Na san halinki. Ki zauna ki karanta ta tun kafin ki kwance kaya, in kin gama ki miƙa wa mijinki shi ma ya karanta. In kika tsallake wani wuri zan gane, domin zan tambaye ki.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Gashuwa lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya sa albarka a aikin da ya ɗauke mijinki daga garin nan. Allah Ya raba ki da abin da ke cikinki lafiya.

Kin ga na ambaci cikin. A gabanki bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Wata shida ke nan muna kallon juna, ke kina jan hijabi kina rufewa, ni ina kau da kai kamar ban gani ba. Wannan kunyar mai kyau ce, ni na koya miki ita. Amma akwai wata kunyar da ta kusa kai ni kabari, kuma ranar Talata na ji ta a bakinki.

Ina ɗaki ina kwance lokacin da surukarki Hajiya Dije ta zo daga Nangere yi muku sallama. Kun ɗauka barci nake. Na ji ta ce miki, "In lokaci ya yi wurina za ki zo wanka. Mamanki ba ta da ƙarfin ɗaga tukunya yanzu. Na riga na tara itace, kanwa ma na aika an kawo mini mai kyau." Kika ce, "To, Hajiya." Ba ki ƙara ko kalma ɗaya ba.

Matar nan alheri ta nufa, ki riƙe wannan. Amma a kan wannan "to" ɗin zan yi miki magana, kuma da kaina zan fara.

Haihuwa shida na yi kafin autarmu Zara, duka na yi wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Ko sau ɗaya ba a taɓa jin na ce wash ba. Kunun kanwa kuwa a babban kwano nake sha. A unguwarmu ta Dogo Nini har misali ake yi da ni, in yarinya ta yi raki a wurin wanka sai a ce mata ta je ta ga yadda nake yi. Ina jin daɗin wannan magana ƙwarai. Girman kai ne, ban san sunansa ba a lokacin.

Da cikin Zara, nas ɗin awo ta ce jinina ya hau, in rage gishiri, in na haihu kuma in dawo a duba ni. Na ji ta sarai. Ba jahila ba ce ni, na gama sakandare, na san abin da hawan jini yake nufi. Amma na ce a raina, yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba ce za ta koya mini jego?

Sati uku da haihuwa ƙafafuna suka kumbura har silifa ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai na dafa bango na huta. In na kwanta numfashi ya tsaya mini a wuya, sai tari. Goggonku Adama, yayar Babanku, ita ke yi mini wanka. Ta danna yatsa a ƙafata, ta ɗauke, gurbin ya zauna kamar a cikin ƙullu.

Ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, Babarbariya. Ku dama ba ku iya wanka ba, sai tsuguno a kan turare."

Na ce, "Ke da kika tashi a bayan saniya, yaushe kika ga ruwan zafi? In sanyi ne, ƙara wuta."

Muka yi dariya. Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa a kunu. Washegari kumburin ya ƙaru, muka ce sanyin mai taurin kai ne, muka sake ƙarawa. Ki lura da kyau: abin da ke nutsar da ni shi muke ƙarawa da sunan magani. Kuma ba laifin Adama ba ne. Ni na ce a ƙara.

Shekararki sha huɗu a lokacin. Kika kawo mini ruwan alwala, kika tsaya kina kallona, kika ce, "Mama, me ya sa yanzu a zaune kike barci?" Na ce ki rufe mini baki ki bar wurin. Babanku ya dawo daga kasuwar shanu ya tambaye ni jiki, na ce da sauƙi. Sai ranar da na kasa kai ƙarshen Fatiha da numfashi ɗaya, shi da kansa ya ce a fito da ni.

A asibiti likita ya ce zuciyata ta buɗe ta saki, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Ya ce ciwo ne da ke kama wasu mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Na tambaye shi ko kanwa ce ta jawo. Ya ce ba zai ce ita kaɗai ba ce, amma kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, ga kuma zafin wankan. Ya ce, "Hajiya, zuciyar da ta riga ta gaji kuka yi ta ɗora wa kaya."

Saboda haka, Falmata, in kin haihu kika ga kumburi, ko haki, ko tarin da ke tashi in kin kwanta, ko bugun ƙirji da ba ki saba ji ba, kada ki yarda kowa ya ce miki sanyi ne. Ko ni ce na faɗa, kada ki yarda. Asibiti za ki, ranar, ba washegari ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, domin na farko al'ada ce ta ja ni, na biyu kuwa ƙarya ce tawa ta kaina.

An ɗora ni a kan magunguna, na samu sauƙi, kumburi ya sauka, na koma haɗa turarena. Bayan shekara biyu na ga ai na warke. Cikin ƙwayoyin akwai ta fitsari, wadda in na sha ba ni da zaman minti talatin. Ki duba mace kamata a gidan biki tana tashi tana neman buta sau biyar, mata na bin ta da ido. Na fara barin ta ranar biki. Daga nan na bar ta ranar kasuwa. Daga nan na bar su duka. Babanku bai daina sayowa ba, ni kuma ban daina karɓa ba. Ina ɓare su ina zubawa a wata tsohuwar kwalbar humra a bayan gado, don ya ga fakiti yana raguwa. Gishiri da dunƙule suka dawo miyata. In ya ce, "Kin sha magani?" in ce, "Na sha." Ni mai dukan ku a kan ƙaryar naman miya.

Allah Ya yi mini jinkiri na 'yan shekaru, ban gane jinkiri ba ne. Ranar sunan jikar ƙawata a Hausari, da rana tsaka, ina riƙe da kaskon turare ina zagawa da shi tsakanin mata, na ji ƙirjina na kaɗawa kamar an saki tsuntsu a ciki. Abin da na sani ke nan. An ce garwashin ya zube a tabarma, mata suka yi ta salati, wata har ta fara rufe ni da mayafi. Daga asibitin garin nan aka tura mu Kano.

Kin tuna ɗakin nan mai sanyi da likitar zuciya, 'yar siririya mai tabarau? Ta duba hoton zuciyata da kyau. Sannan ta ce, "Hajiya, kina shan magungunanki kuwa?"

Na ce, "Kullum."

Ke kina tsaye a bayana. Na ji kin buɗe jaka. Kika zagayo kika ajiye kwalbar humrar nan a kan tebur, cike da ƙwayoyi har wuya. Kika ce, "Likita, ba ta sha. Ki yi haƙuri, Mama."

Babanku ya kalli kwalbar, ya kalle ni, ya fita. Kwana biyu ban yi miki magana ba. Kina miƙo mini ruwa ina juya fuska bango, kina wanke mini kaya kina kuka a ɓoye, duk ina ji. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan wannan ba, kuma uwa ba ta saba ba. To yau na rubuta da hannuna, ki ajiye: abin da kika yi daidai ne. A cikin 'ya'yana bakwai babu wanda ya taɓa yi mini biyayyar da ta kai wannan rashin kunyar taki. Da kin rufa mini asiri, da likitar ta yi aiki a kan ƙarya, da yau wata ce ta shirya miki kayan tafiya.

Likitar ta ce zuciyar ta yi rauni sosai, kuma bugunta yana rikicewa, shi ne ya kayar da ni, wani karon ba lallai in tashi ba. Ta ce bayan magani sai an sa mini na'ura. Aka tsaga nan ƙasan ƙashin wuyana na hagu, aka sa abin nan da bai fi gidan ashana ba a ƙarƙashin fata, da siraran wayoyi da suka bi jijiya har cikin zuciya. Aikinta ta daidaita bugun, in kuma ya rikice irin na ranar suna, ta buge shi ya dawo hanya. Babanku ya sayar da shanun da yake ji da su, har da farar saniyar nan da ya hana kowa taɓawa. Bai taɓa gaya mini abin da aka kashe ba. Abin da kawai ya ce da na farfaɗo shi ne, "Ikon Allah. Na sayar da saniya na sayo wa Babarbariya batir."

Na ce, "Ai sai yau saniyar Bafulatani ta yi abin kirki."

Ya yi dariya har ya share ido da hula. Irin wannan mijin nake roƙa miki, kuma ina ganin alamarsa a naki. Kada ki saka masa da abin da na saka wa Babanku. Namijin da yake fita rana ya nemo miki lafiya, kada ki zuba wahalarsa a kwalba.

Za ki ce daga nan na yi hankali. Ban yi ba.

An ce mini sati shida kada in ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa, kada in ɗauki nauyi, sai wayoyin sun kama. Ni kuwa kunyar abin nake ji. Na gargaɗe ku kada wanda ya faɗa a unguwa, ban son a ce matar Alhaji da inji take rayuwa. A sati na uku matan unguwa suka zo dubiya, na ji wata a zaure tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ai ta gama yawo." Na tashi na ɗaura zani, na karɓe taɓarya daga hannunki, na daka gero a gabansu, don su gani. Sun gani. Bayan kwana biyu wurin ya kumbura, muka sake ɗaukar hanyar Kano, kina riƙe da ni a kowane rami. Allah Ya taimaka wayar ba ta goce ba. Likitar ta cire tabarau ta ce, "Hajiya, waɗanda kika daka wa geron, wace ce ta rako ki?" A ranar kuma ta ga na zaro wayar salula daga cikin riga, inda kowace mace a garin nan take cusa tata, daidai kan na'urar. Ta kama kai. Tun daga ranar wayata a jaka take, kuma da kunnen dama nake amsawa.

Ki ji wannan: masu kallo ba sa raka mutum asibiti. Duk abin da za ki yi don a ce ke jaruma ce, ki tsaya ki tambayi kanki wa zai yi jinya.

Abin da ya sauya ni shi ne wata ranar Laraba bayan la'asar. Ina zaune ina tsince shinkafa, ina shan magani yadda aka ce, ban yi laifin komai ba. Na ji jiri, sai kuma wani bugu a ƙirji kamar saniya ta harbe ni. Faranti ya kife. Na buɗe ido na ga ina raye. Da muka je, likitar ta ɗora wani abu a kan ƙirjina, ta karanta a allonta rana da sa'a da abin da zuciyar ta yi, ba tare da na buɗe baki ba. Ta ce ba don na'urar ba, da abin Hausari ne ya maimaita. Na dawo gida ina tunani. Wannan abu da nake jin kunyarsa ba ya cewa "da sauƙi" in babu sauƙi. Abin da ya faru shi yake faɗa. A gidan nan kaf babu mai gaskiyarsa, in ba ke ba.

Yanzu shekara uku. Kowace safiya ina hawa sikelin da kika saya mini, ina rubutawa a littafi, in nauyi ya yi tsalle na san ruwa ne, ba ƙiba ba. Miyata daban ake ɗiba kafin a sa gishiri, daddawa da citta sun ishe ni. Ban taɓa tsallake ranar Kano ba. Katin na'urar yana jakata, in mai gadin banki ya ɗago abin bincikensa, miƙa masa nake da kaina a ɗage. Ina salla a tsaye. Ina tafiya da ƙafata daga Dogo Nini har Hausari ban dafa bangon kowa ba, kuma ta ƙofar matar nan da ta ce na gama yawo nake bi, in gaishe ta da kyau. Goggonku Adama na kirana tocila. Nakan ce mata gara ni, nawa batirin likita na dubawa, nata kan wa ke dubawa?

To yarinyar da ta ajiye kwalba a gaban uwarta da ubanta da likita, ita ce ranar Talata ta sunkuyar da kai ta ce "to"? Na kwana biyu abin yana cina. Likitar nan ta faɗa a gabanki cewa 'ya'yana mata su yi hankali da ciki da jego, a riƙa duba su. Kin ji. Kin yi shiru ne don kada a ce amarya ta yi wa uwar miji musu. Na gane shirun nan, nawa ne, a wurina kika gaje shi.

Ranar Alhamis, kina can kina sallama da ƙawayenki, na ɗauki Goggonku muka tafi Nangere. Hajiya Dije ta yi mana shimfiɗa, ta kawo fura. Na ga itacen a jikin katanga, tuli guda. Bayan gaisuwa na ce ta ba ni hannunta. Na ja mayafi, na ɗora tafinta a kan tudun nan na ƙirjina. Ta zabura za ta janye, na riƙe.

Na ce, "Hajiya, kin ji? Wannan shi ne abin da na samu a jegona na ƙarshe."

Na ba ta labari tun daga silifa har kwalba. Ta saurara. Sannan ta ce, "To mu da muka yi tara, ga mu garau?"

Adama ta ce, "Ita ma shida ta yi garau, Dije. Na bakwai ni na yi mata. Da hannun nan na dama, da hannun nan na ƙara wuta. Shekara tara ke nan ban sake dama wa kowa ba."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Ashe ita ma tana ɗauke da nata.

Hajiya Dije ta kalli katanga. Ta ce, "Itacen fa?"

Na ce, "Ranar suna ai za a dafa shinkafa."

"Kanwar kuma? Ungurnu ce fa, mai tsada."

Adama ta ce, "Ba ni. Shanun ƙanena na so, su ba sa jego."

Muka yi dariya mu uku, har ita. Ta ce ta ji, jikanta take so da uwarsa a raye. Za ta zo Potiskum ta zauna da mu, mu yi miki wanka tare da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki. Amma da ta rako mu bakin ƙofa ta ce, "Ita yarinyar fa 'to' ta ce mini. In tana da magana, ni ba dodo ba ce. Ta faɗa mini da bakinta."

Tana da gaskiya. Na share miki hanya, amma ba zan yi miki tafiyar ba, domin ba kullum zan kasance ina bayan labule ina saurare ba. Kafin Juma'a ki kira ta. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki gode mata a kan itace da kanwa, sannan ki gaya mata abin da likita ta ce da abin da kike tsoro. Ladabi daban, ɓoye gaskiya daban. Ki fara awo a Gashuwa cikin satin nan, ki gaya musu ciwon mahaifiyarki tun ba su tambaya ba, ki ce a duba jininki da zuciyarki. In wata tara ya kama, mijinki ya kawo ki.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare mijinki da abin da kuke jira. Ya sa ki sauka a kan ƙafafunki, Ya nuna mini ranar da zan ɗauki ɗanki a wannan kafaɗar ta hagu. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira. Na yarda da ke, Falmata, ina kuma alfahari da ke a gaban kowa.

Jiya bayan azahar na tara yayyenki da matansu da Zara a tsakar gida, Babanku na zaune, na faɗa musu, ke ma ga naki a rubuce. Daga yau, 'yata ce ko matar ɗana ce, duk wadda ta haihu a zuriyar nan ba a dama mata kunun kanwa, ba a yi mata wanka da tafasasshen ruwa, kuma kafin a yanka ragon suna sai likita ya duba ta. Wadda kuma na tambaya "ya jiki" ta ce mini "da sauƙi", sai ta cire takalmi na danna ƙafarta da yatsana.

Mahaifiyarki,
Dogo Nini, Potiskum